Shafi na Sittin da Huɗu

Kwana tara ke nan da Abba ya karɓe wayar Mu'mina, ya kuma hana ta zuwa makarantar da take koyarwa. A kwanakin nan tara ko ɗuriyar Madu ba ta ji ba.

Ranar Asabar da hantsi Umma ta ɗaga labulen ɗakinta.

"Tashi ki sa mayafi. Abbanki na kiranki a falo. Yayanki Habib ya zo."

"Shi kaɗai, Umma?"

"An aika wa wancan Madun ma. Yau dai za a yi ta ta ƙare."

Mu'mina ta miƙe ta sa mayafi.

Alhaji Mahfuz, mahaifinta, Bakano ne da ya yi shekara talatin da biyu yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kwastam. A Gwange ya gina gida, a nan aka haifi 'ya'yansa duka. Da rikici ya ɓarke, 'yan uwa sun yi ta kira daga Kano ya tattara ya koma, ya ƙi. Ya binne abokai, ya rufe rumfa ya buɗe ba adadi. Bai bar Maiduguri ba, amma ya daina yarda da mutum sai wanda ya san kakansa.

Shi kuwa Madu ba wanda ya san kakansa. Shekara uku da suka wuce ya shigo gari a ƙafa, daga wani gari da ke can wajen iyakar Kamaru, bayan ya yi wata bakwai a hannun mutanen daji. A makarantar yaran 'yan gudun hijira da ke Dala suka haɗu, shi yana koyar da lissafi, ita Hausa. Ranar da ya zo gaishe da Abba da maganar aure, Abba bai ɗaga murya ba.

"Ban ƙi ka don kai Babarbare ba ne, rabin abokaina Barebari ne. Amma wa zan tambaya halinka? Garin da aka ƙone?"

Madu ya kasa amsawa. Haka yake a lokacin: da an taɓo zancen watannin nan sai hannunsa ya hau rawa, harshensa ya ɗaure. Mu'mina ce ta saya masa littafin rubutu mai shafi tamanin ta ce, abin da baki ya kasa, hannu ya gwada. Shekara guda yana rubutu tana gyara masa Hausa, don shi mace da namiji duk "shi" yake ce musu. Daga ƙarshe aka buga littafin, *Wata Bakwai a Bakin Tanderu*, wani gidan rediyo kuma ya ɗauka yana karanta shi duk Laraba.

Ta yi zaton littafin zai buɗe musu ƙofa. Sai ga shi Habib, ɗan yayar Abba, wanda ya daɗe yana sonta, ya mayar da shi sanda.

A falo ta tarar da Abba a kan kujerarsa, ya ɗora tabarau a kan gwiwa. Habib na zaune a ƙasa, littafin na hannunsa, ya sa yatsa a tsakiya. Ta durƙusa ta gaida su.

"Karanta mata abin da ka karanta min," in ji Abba.

Habib ya gyara murya.

"Shafi na sittin da huɗu, Kawu. Ga abin da ya rubuta da hannunsa: 'Ni nake gasa musu burodin da suke ci kafin su hau babura. Na san inda za su. Na san ba kowa ne zai kwana da rai a inda za su ba. Duk da haka na hura wuta.'"

Ya rufe littafin ya dubi Mu'mina.

"Wannan za ki aura? Wanda ya ciyar da waɗanda suka kashe mana mutane? Kuma har da sunanki a shafin godiya, duk garin nan an karanta."

Hawaye suka ɓalle mata kafin ta buɗe baki.

"Yaya Habib, ka ji tsoron Allah. Me ya sa ka tsaya a nan? Abba, don girman Allah ka sa ya juya shafi ɗaya tak. Mahaifinsa suka kashe a ƙofar gidan burodinsu. Cewa suka yi ranar da wutar tanderun ta mutu, shi ma ya mutu. Kuma ba ransa kaɗai yake tsaro ba, akwai tsohuwar da ya ɓoye a cikin gidan. Abba, da ni ce a cikin gidan nan, da ba ka so a samu wanda zai hura wutar ba?"

"Na karanta," in ji Abba.

Ta ɗago kai.

"Tun daga bango har bango na karanta, sau biyu. A rumfa na karanta, har wani ya zo sayen shadda ya tarar da ni ina share ido. Yaron ya iya magana a takarda. Amma Mu'mina, takarda ba ta gardama, abin da aka zuba mata shi take riƙewa. Shi ya rubuta, shi ne mai ƙara, shi ne shaida. Tsohuwar da ya ce ya ɓoye, shi da kansa ya ce ta mutu a hanya. To wa zai ce min haka ne? Ke 'yata ce. Ba zan ɗauke ki in miƙa wa labari ba, komai daɗinsa."

"Abba, shekara biyu ina ganinsa da yara. Wanda ya ga irin..."

"Mu ma mun ga masu kirki da yara, daga baya muka ji su a daji."

Ta sunkuyar da kai tana kuka ƙasa-ƙasa. Da zagi Abba ya yi da ta samu abin riƙewa, amma maganarsa ta mai hankali ce, kuma ta san tsoro ne ya haife ta.

Sai aka yi sallama a zaure.

Muryar Madu ce. Umma ta leƙa, ta dawo fuskarta da mamaki.

"Alhaji, ba shi kaɗai ba ne. Da wata dattijuwa yake."

"Su shigo."

Madu ya shigo a hankali, yana riƙe da hannun wata tsohuwa 'yar gajera, mai ɗan kwali da tabarau masu kauri, tana dogara sanda. Ya rame, amma fuskarsa ta washe irin yadda Mu'mina ba ta taɓa gani ba. Ya zaunar da tsohuwar a kujera, shi ya durƙusa.

"Baba, ina wuni. Ka yi haƙuri na zo da baƙuwa ban nemi izini ba."

Tsohuwar ba ta jira an gabatar da ita ba.

"Alhaji, sannu da gida. Sunana Rhoda. Daga Biu na zo. Shekara ashirin da shida ina shugabar firamare a garinsu yaron nan, ni na koya masa baƙi da wasali. A cikin littafin da ke hannun ɗanka, ni ce Ya Kaltum."

Littafin ya suɓuce daga hannun Habib.

Mu'mina ta zuba wa tsohuwar ido. Ya Kaltum! Matar da ta gyara labarin mutuwarta da jan biro, tana gyarawa tana kuka. Ta dubi Madu, ya ɗaga mata kai sau ɗaya, idonsa cike da ruwa.

Abba ya mayar da tabarau idonsa.

"Malama, an ce kin rasu."

"Haka na karanta ni ma." Ta ɗan yi murmushi. "Ɗana Pindar direba ne, yana zirga-zirga tsakanin Biu da nan. A tasha ya ji ana karanta labarin a rediyo, ya ji an ambaci tsohuwa mai ciwon gwiwa da aka lulluɓe da laffaya. Ya nemo littafin ya kawo min. Ban kai shafi na goma ba na ce a nemo min mota. Shekaranjiya muka je gidan rediyon, suka kira Madu. Da ya shigo ya gan ni, a ƙasa ya zube, sai da aka yayyafa masa ruwa."

Habib ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu irin na malamai.

"Ɗana, dakata. Ranar da mutanen daji suka shiga gari kowa ya gudu, ni gwiwa ta hana ni. Yaron nan ya tsince ni a bayan makaranta, ya kai ni gidansu, ya lulluɓa min laffayar marigayiyar uwarsa. Ya ce musu ni ce uwarsa, kuma bebiya ce, don in na buɗe baki Barbarcina na baƙuwa zai tona ni, addinina ma ya tona ni. Wata bakwai ban furta kalma ba. Saboda haka yau ku bar ni in yi magana."

Ta gyara riƙon sandarta ta ci gaba.

"Burodi kam ya gasa. Ina kwance a bayan itacen tanderu ina jin sa yana cuɗa fulawa yana kuka. Rana ɗaya ya bar wutar ta mutu da gangan. Suka zo, ba su taɓa shi ba. Ni suka jawo waje, suka ɗora min wuƙa a nan." Ta taɓa wuyanta. "Suka ce ya zaɓa. Alhaji, in akwai zunubi a burodin nan, rabinsa nawa ne, don wuyana aka saya da shi."

Umma da ke tsaye a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

"Amma," in ji Malama Rhoda, "na sami ƙarya ɗaya a cikin littafin."

Habib ya ɗago kai da sauri. Madu kansa ya juyo yana kallonta.

"A babin ƙarshe ya rubuta cewa ya gudu ya bar ni a gindin bishiya. Ba haka aka yi ba. Kwana biyu yana goye da ni a bayansa, ƙafarsa duk ta fashe. Da muka ji babura daga nesa, ni na ce ya ajiye ni. Ya ƙi. Na ce in bai tafi ba zan ɗaga murya in faɗa musu ko ni wace ce, a kashe mu tare. Da sanda na kore shi, ba wannan ta hannuna ba, 'yar uwarta. Wasu mata Shuwa masu shanu suka tsince ni da yamma, suka tsallaka da ni Kamaru. Shekara biyu na yi a can kafin 'ya'yana su same ni." Ta juya ga Madu. "Kai, me ya sa ka rubuta wa kanka laifin da ba ka yi ba?"

Madu ya sunkuyar da kai.

"Malama, ni haka na riƙe shi a raina. Duk ranar Allah ina ganin bishiyar."

"To daga yau ka daina gani. Ga ni a kan kujera."

Abba ya cire tabarau, ya goge su da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a hankali. "Malama, da bakinki kika zo, da ciwon ƙafarki, tun daga Biu, a wannan hanyar da kowa ke tsoro."

"Madu ya ce min kana neman wanda za ka tambaya halinsa. Na san ubansa, na san uwarsa, na san kakansa mai jimar fata. Ba a taɓa kama gidansu da abin kunya ba. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma wata bakwai yana kirana uwa a gaban masu bindiga. In kana neman uwarsa, ni ce."

Abba ya dubi Habib.

"Ka ji."

Habib ya ɗauki littafin daga ƙasa, ya kakkaɓe shi, ya ajiye a kan tebur.

"Kawu, wallahi ba sharri na nufa ba. Ni na wanke gawar abokina bayan tashin bam na bara. Da na karanta shafin nan, idona ya rufe. Kuma..." Ya dubi Mu'mina, ya kawar da kai. "Kuma ina sonta, wannan ba ɓoyayye ba ne."

"Na sani," in ji Abba. "Amma so ba ya sa a karanta rabin magana."

Habib ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo, ya miƙa wa Madu hannu ba tare da ya dube shi ba.

"Ka yafe min."

"Ba komai, wallahi. Ni ma da na rubuta shafin, kwana uku ban iya kallon kaina a madubi ba."

Bayan fitar Habib, Abba ya gyara zama, muryarsa ta koma irin ta ciniki.

"To, Malam Madu. Hali mun ji. Da me za ka riƙe min 'ya? Koyarwar sa-kai ba ta cika tukunya."

Madu ya zaro wata takarda daga aljihu, ya miƙa da hannu biyu. Mu'mina ta lura hannun bai yi rawa ba.

"Baba, gidan rediyon ne suka ɗauke ni aiki, farkon wata zan fara. Tun da aka soma karanta littafin, mutane ke ta kawo wasiƙu: mai neman ɗa, mai neman miji, mai son a rubuta nasa labarin. Sun haura arba'in. Suka ce a buɗe shiri na musamman, ni zan riƙe shi, da Hausa da Barbarci. Akwai kuma makarantun sakandare biyu da suka nemi littafin don ɗalibansu. Za a sake bugawa."

Abba ya karanta takardar har ƙasa, ya duba hatimin, ya ninke ta yadda take.

"Mu'mina."

"Na'am, Abba."

"Har yanzu kina kan bakanki?"

Kunya ta rufe ta. Duk bakin da ta yi ɗazu ya gudu. Ta cusa kai cikin mayafi, ta gyaɗa.

"Ba na jin gyaɗa kai, ni ɗan kasuwa ne."

"E, Abba."

"Shi ke nan. Malam Madu, ka samo dattawan garinku da ke nan, ko biyu ne, da limamin unguwarku. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina jiran su. Malama kuma ta zauna da uwar yarinya su yi tasu ta mata." Ya miƙa hannu ƙarƙashin matashin kujera, ya zaro wayar Mu'mina ya ajiye a gabanta. "Ungo. Litinin ki koma wa ɗalibanki."

Mu'mina ta so ta yi godiya, kuka ya ci ƙarfinta. Wannan karon ba mai ɗaci ba ne. Ji ta yi kamar an sauke mata buhun da ta manta tun yaushe take ɗauke da shi. Ta rarrafa ta kifa kai a kan gwiwar Malama Rhoda, matar da ba ta taɓa gani ba sai yau, amma ta san tarinta, ta san yadda take kwanciya a gefen hagu saboda ciwo.

"Ke ce mai jan biro?" in ji tsohuwar tana shafa kanta. "Ya nuna min takardun. Kin yi aiki. Sai dai kafin a sake bugawa, ku gyara min babin ƙarshe. Kun binne ni ba ko likkafani, jikokina sun karanta suna ta tsokanata."

Dariya ta suɓuce wa Umma cikin hawaye. Abba ma ya juya kai gefe, kafaɗunsa na motsi.

Aka kira azahar. Abba ya tashi alwala, Umma ta ja baƙuwarta cikin gida tana faɗin ba inda za ta sai ta ci abinci. Mu'mina ta raka Madu zaure, ta tsaya daga ciki, shi daga bakin ƙofa.

Kwana tara ta yi tana tara maganganu, yanzu ko ɗaya ta rasa.

"Kin rame," in ji shi.

"Kai ma."

"Ni na fara mayarwa. Mu'mina, kin san abin da ya faru jiya? Barci na yi. Tun bayan isha'i har rana ta fito ta dake ni a fuska. Ban ji kiran asuba ba, ban ji maƙwabta ba, ban yi mafarki ba. Shekara uku rabona da haka. Na tashi ina istigfari ina dariya."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Ni na ɗauka na jawo maka masifa da na ce ka rubuta."

"Ko da Baba ya hana ni ke yau, da ban yi nadama ba. Zan yi baƙin ciki har in mutu, amma ba nadama ba. Da ina yawo da mutanen garinmu duka a ƙirjina. Yanzu suna cikin littafi, kowa na taya ni ɗauka."

"To ai bai hana ba."

"Bai hana ba," ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana maganar.

Takun Abba ya taho daga tsakar gida, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Mu'mina ta matsa gefe da sauri. Ya wuce ta, ya sa takalmi, ya dubi Madu sama da ƙasa.

"Tsayuwar me kake yi? Za a ta da salla. Wuce mu je, akwai mutanen da nake so su gan ka tare da ni."

Mu'mina ta leƙa ta jikin ƙyaure tana kallon su, suna tafe a layin Gwange kafaɗa da kafaɗa, Abba na ɗaga wa maƙwabta hannu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta koma ciki ba sai da suka sha kwana.